Makaɗin Gajere

A ƙauyukan da ke kewaye da Babankatami, in aka ambaci Ɗangana, abu biyu mutane kan tuna: hannunsa a kan ganga, da tsoronsa. Tsoron nan kuwa ba na wasa ba ne. Mutum ne da in kare ya yi haushi a gabas sai ya bi ta yamma. In ya hango jar hula tafe, ko da ɗan tallan goro ne ya sa ta, nan take zai nemi wurin ɓuya, don a zamanin jar hula ta gardi ce, wato 'yan sandan Annasara masu mulki. Matarsa Tabawa kan ce ita ke kashe kunama a gidan, shi aikinsa ya tsaya daga nesa ya nuna mata inda ta shiga. Ba ya musu. Sai ya yi dariya ya ce ai matsoraci ne ke ba da labarin jarumi.

Kiɗan noma ya gada wurin ubansa. Gidansu, da yawancin gidajen ƙauyen, asalinsu Arna ne. A zamanin Ɗangana an riga an kama salla, amma abin da ya shafi gona ba a yar da shi duka ba. A gayya irin ta wajen kuwa, ba mai gona ke da iko da wuni ba, makaɗi ne. Shi ke ɗora kiɗi da safe maza su duƙa. Shi ke bin su yana duban bayansu, ya san wanda ya fara sanyi, ya san wanda ke da saura. In rana ta take tsaka, ya hango mata tafe da ƙoren fura a ka, sai ya juya hannu ya buga wani ɗan kiɗi mai sanyi da ake kira sauke-hauya. Da jin sa kowa zai yar da abin da ke hannunsa ya nufi inuwa. Ko gonar sarki ake yi, ba wanda ya isa ya ce a ƙara sara ɗaya bayan an buga shi.

Kowane gwanin manomi yana da takensa, wato kiɗin da ganga ke kiran sa da shi. Wanda Ɗangana ya fi ji da shi shi ne na Gajere. Gajeren ne da gaske, ga kauri kamar turmi, ba ya magana sai ta kama dole. Tun suna samari Ɗangana ya yi masa take, ganga na cewa, Gajere bai san zama ba, sai rana ta gaji ta bar shi. Ranar da aka naɗa shi barden noma, tsofaffin gidansu suka zagaya da shi bayan rumbu, suka ba shi abin da suka ba shi ya sha, ya ɗauki alkawarin da ubansa ya ɗauka kafin shi: muddin takensa na tashi, ba zai zauna ba, ba zai kai komai bakinsa ba, sai makaɗi ya sauke. An ce wanda ya karya, albarkar gona kan bar gidansu har jikoki. Limamin ƙauye ya sha gaya masa wannan tarkacen da ne. Gajere kan ce gaskiya ne malam, ya bi shi salla, amma ko sau ɗaya bai karya ba.

Tsakaninsu ba kiɗi kaɗai ba ne. Shekarar da fara ta cinye ƙasarsu ta Adar, Ɗangana ya binne 'ya'ya biyu, don makaɗi ba ya da babban rumbu, kuma mai jin yunwa ba ya kyauta. Gajere ne ya buɗe nasa. Kullum Biba matarsa ta turo ƙwarya rufe da faifai, har damina ta kama. Da wannan ƙwaryar Zara, 'yar da ta rage wa Ɗangana, ta rayu.

Ana nan sai ga yaƙin Annasara, wanda aka ce can ƙasarsu suke yi, amma talakan nan aka matsa wa. Kumandan, Baturen da ke mulki a Madawa, ya ce yana son hanyar mota ta hau duwatsu har Buza kafin ruwa ya sauka. Aka aza wa kowane maigari ya ba da maza. Tsakiyar bazara ce, lokacin da dutse ke ƙona tafin ƙafa. Cikin waɗanda aka tasa gaba daga ƙauyensu har da Gajere da Ɗangana. Ranar farko tafinta ya zo a kan doki ya yi jawabi. Ya ce 'yan kwanaki ne, kowa zai koma gida kafin shuka. Ya ce ba biya, don aikin ƙasa ne, amma akwai hatsin da za a riƙa dafa musu, kuma dokar kumandan ce in rana ta yi tsaka a huta a ci abinci. Maganar ta yi daɗin ji. Sai dai ta hau dokin ta bi tafinta ta koma Madawa.

Aka bar su da Kabran Halidu, shugaban gardin da ke tsaron aikin, tsohon soja, dogo, mai bulalar dorina rataye a wuyan hannu. Wallahi da gaskiyar mutanen da, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Tun asuba ake tashin su. Tafiyar da za su yi zuwa inda ake fasa dutse, ya ce ba aiki ba ce, tafiya ce. Ranar da aka tura mutum yanko wa dawakin gardi ciyawa, ko gina wa kabran rumfa, ya ce wannan ba aikin kumandan ba ne, don haka wunin bai shiga cikin kwanakin mutum ba. Haka 'yan kwanaki suka yi ta haihuwa. Hatsi kuwa an gan shi da ido, raƙuma suka kawo, aka shigar da shi rumfar kabran, daga nan ko ƙamshinsa ba wanda ya ji. Da mata suka ji labari suka fara tahowa da fura daga ƙauyuka, sai ya nuna musu wata aduwa can nesa, ya ce nan za su tsaya har rana ta faɗi. Suna zaune suna kallon mazansu, fura na tsami a gabansu.

Wani mutumin Galma, Isaka, shi ya fara gwada dokar kumandan. Da rana ta yi tsaka ya aje kwandonsa ya zauna, ya ce ai tafinta ya faɗa kowa ya ji. Aka kafa turke a gefen hanya aka ɗaure shi. Aka dake shi har ya daina kuka, aka bar shi nan cikin rana, inda duk mai ɗauke da kwando sai ya wuce ta gabansa. Washegari aka tafi da shi gidan kaso a Madawa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Turken kuwa ba a cire shi ba. Ɗangana ya wuce ta gaban Isaka a ranar ya fi a ƙirga, kuma duk wucewa sai ya kau da kai.

Shi dai kwandon tsakuwa aka aza masa, mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ganga nauyi ba. Wuyansa ya kumbura. Gangar tana nan rataye a zango, don ko ina za shi da ita yake tafiya. Wata safiya ya dubi maza sun yi laƙwas, bulala na ta sauka, aiki kuma ba ya gaba, sai ya yi tunani irin na makaɗi: ai gajiyayye ba duka yake so ba, kiɗi yake so. A faɗi gaskiya, ya kuma tuna da wuyansa. Ya je ya durƙusa gaban kabran ya ce ranka shi daɗe in an yarda zai gwada. Kabran ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya gwada ɗin.

Ya ɗauko ganga ya ɗora. Ya fara da na kowa da kowa, bayan maza ya soma miƙewa. Sannan ya saki taken Gajere. Gajere na can gaba, cikin masu fasa dutse da dagi. Ya ɗaga kai, ya yi gurnani ɗaya, ya shiga sara kamar gonarsa ce. Samari suka ga barde ya tashi, kunya ta kama su, suka bi. Kafin hantsi ya yi zafi an yi aikin da jiya ba a yi ba wuni guda, kuma bulala tana rataye ba ta taɓa kowa ba. Ɗangana ya ji kansa ya yi girma.

Da rana ta take tsaka ya hango mata ƙarƙashin aduwa, hannunsa ya soma juyawa shi kaɗai. Bai kai ga bugu na uku ba kabran ya riƙe masa hannu, ya tambaye shi wannan kuma mene ne. To, a nan ne Ɗangana ya yi wautar da makaɗi kaɗai zai yi. An tambaye shi labarin gwaninsa, ina zai iya yin shiru? Bakin roƙo ya buɗe. Ya zayyana wa kabran sauke-hauya, ya wuce kan Gajere, ya ce ai wancan da kake gani ba mutum ba ne, ƙarfe ne, ya sha abin noma, ya yi rantsuwa, in takensa na tashi ko wuta ake zubawa daga sama ba zai zauna ba, ko ruwa ba zai kurɓa ba. Yana faɗa yana jin daɗi. Sai da ya ga kabran na murmushi sannan ya gane abin da ya yi.

“Madalla,” in ji kabran. “Wanga take shi nika so, tun sahe har hwaɗuwar rana. Ran da duk ka sauke ba da izinina ba, ga turke can.”

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ba wanda ya ja shi ya doka ba. Ɗangana ya rabu da kwando, har inuwar hular kaba aka bar shi ya sa. Sauran mutane kuma kowa da 'yar dabararsa: wannan ya ce zai zagaya, ya laɓe bayan dutse ya kurɓi ruwan gora, wancan ya rage hannu in gardi ya juya baya. Gajere kaɗai ba shi da dabara. Tun rana ba ta fito ba takensa ke tashi, sai ta faɗi yake sauka. Ba zama, ba ruwa, ba fura, a rana irin ta Adar, a kan dutse. Kuma duk sauran da saurinsa ake auna su.

Ɗangana ya gwada abin da matsoraci kan gwada. Ya sulale zuwa taken wani, sai kabran, wanda ya riga ya haddace na Gajere, ya yi masa fito da baki ya nuna shi da bulala. Ya rage sauri, bulala ta sauka a kafaɗarsa, sau ɗaya tak, amma ya ji ta har cikin haƙora. Ya yi tunanin huda fatar gangar ya ce zafi ne ya fasa ta. Ya ɗauki ƙaya ya riƙe, ya tuna fuskar Isaka, ya yar.

Gajere ya soma zubewa. Wuyan nan mai kauri ya shiga, idanu suka faɗa. In magariba ta yi Biba ta kawo masa furar da ta wuni a rana, ya sha da haɗama, cikinsa ya ƙi karɓa ya dawo da ita. Wata magariba Ɗangana ya same shi jingine da dutse, ya tsuguna kusa da shi ya roƙe shi. Ya ce wannan ba gona ba ce, ba gayya ba ce, tsofaffin da suka ɗora masa alkawari ba su san da hanyar mota ba. Ya ce ya riƙa zama ko ganga na kira, ko dai ya saci kurɓi ɗaya kamar kowa, Allah na gani ba laifinsa ba ne. Gajere ya girgiza kai.

“Ɗiyana ka ci daga gonata,” ya ce. “Ba ni ɗebe masu albarka don ƙishirwa. Kai ka ɗora, Ɗangana. Kai ka saukewa.”

Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ɗangana ya tashi zai tafi sai ga Biba tsaye a kan hanyarsa, ƙwarya a hannu. Matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba sai dai ta ce Baban Zara, matar da ta ciyar da gidansa ba ta taɓa gori ba. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baban Zara, ba kabran ka kashe mani miji ba. Hannunka na.”

Ya so ya ce mata ta dubi turke, ya so ya ce shi ma yana da 'ya. Ta riga ta wuce.

Daga ranar kullum da asuba sai ya ce wa ransa yau zai sauke. Kullum in inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sai ya dubi aduwa, ya dubi turke, hannunsa ya ci gaba da abin da yake yi. Tsoro ya hana shi cin abinci. In gardi ya yi tari a bayansa sai ya zabura. Ya tsani kansa, ya tsani taken da shi da kansa ya ƙaga yana saurayi yana taƙama da shi, amma tsanar ba ta kai tsoron ƙarfi ba. Gaba kura baya siyaki, shi kuwa ga shi tsaye a tsakiya yana kiɗa.

Ranar da abin ya faru ko ganye ba ya motsi. Sama ta yi fari fat. Tun hantsi mutum biyu suka faɗi aka ja su gefe. Ɗangana na bayan masu dagi, idonsa a kan bayan Gajere, kamar yadda ya saba tun suna yara. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Bayan kowa na sheƙi da gumi, na Gajere a bushe yake ƙayau, ƙura ta kwanta a kai ba abin da ya jiƙa ta. Duk makaɗin noma ya san wannan. In gumi ya ɗauke wa mutum a tsakar rana, jiki ya ƙare abin da ke cikinsa, abin da ya rage sai faɗuwar da ba a tashi.

Kabran na tsaye bai fi taku kaɗan da shi ba, yana goge wuya da ƙyalle. Ɗangana ya dubi turke. Ya ji wani ɗumi na bin cinyarsa, ya san fitsari ne, bai ma ji kunya ba. Ba jarumta ce ta zo masa ba, kada wani ya yi masa ƙarya. Tsoro ne wani ya fi wani: ya ga kansa yana komawa ƙauye, yana wucewa ta ƙofar Biba kullum har ya mutu. Ya runtse ido ya juya hannu.

Sauke-hauya ya tashi a kan dutsen, a hankali, da sanyinsa. Da farko ba abin da ya canja. Sai ya ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a kan dutse. Sai wani. Sai kwanduna. Mutanen Galma, da na wajen Buza, da na ƙauyukan da ko sunansu bai sani ba, duk da wannan kiɗin aka yaye su, jikinsu ya amsa kafin hankalinsu ya yi shawara. Ya buɗe ido ya ga maza na tafiya zuwa aduwa, ba gudu ba hayaniya, mata kuma sun miƙe da ƙore. Kabran ya yi ruri, ya zabga wa na kusa da shi bulala, ya zabga wa na biyu. Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ruga. Ya waiwaya ya nemi sauran gardi, ya tarar su ma suna duban yawan mutanen, da yawan dagin da ke zube a ƙasa inda hannu zai iya kaiwa. Ya sauke bulalar.

Amma ƙarar dagi ɗaya ba ta tsaya ba. Gajere na nan inda yake, yana ɗagawa yana sarawa, shi kaɗai a tsakiyar rana. Ɗangana ya matsa kusa ya sake bugawa, ya ƙara ƙarfi, har kusa da kunnensa. Bai ji ba. Ya aje gangar a ƙasa, ya wuce ta gaban kabran, ya kama dagin da hannu biyu. Ƙarfen ya ƙona masa tafi. Gajere ya ja, ya ja, sannan ya ɗago ido jajir ya dube shi kamar bai taɓa ganin sa ba.

“Barde, an sauke,” in ji Ɗangana. “An sauke. Zamna.”

Sai da ya faɗa sau da yawa kafin yatsun su saki. Gajere ya sulale ƙasa. Biba ta iso a guje ta juye masa ruwan gora a ka, maza huɗu suka ɗauke shi zuwa inuwa, aka riƙa ɗiga masa ruwan fura da ludayi.

Kabran ya bar mutane suka sha, suka koma aiki, sannan ya sa aka kamo Ɗangana da la'asar. Waɗanda suka gani sun ce tun ba a gama ɗaure shi a turke ba ya fara ihu yana kiran uwarsa, yana tuba, yana rantsuwa hannunsa ne ya kuɓuce. Bai hana komai ba. An dake shi har ya suma, aka zuba masa ruwa aka ƙara. Aka tafi da shi kason Madawa, ya kwana ya tashi cikin jiran ranar da za a wuce da shi inda ba a dawowa. Ba a wuce da shi ba. Sai da gero ya kai gwiwa aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi, ba wanda ya gaya masa dalilin riƙewa balle na saki. A bayansa, an ce, in rana ta yi tsaka mutane kan aje kaya su nufi aduwa ko ba ganga. Wata rana kabran ya kau da kai, wata rana ya yi duka. Hanya dai an gama ta, motar kumandan ta wuce ta bar musu ƙura.

Gajere bai mutu ba. Ɗangana ya tarar da shi zaune a zaure, ya yi ƙiba kaɗan, ya san Biba, ya san 'ya'yansa, yana amsa gaisuwa. Ɗangana ya yi kuka don murna, har Tabawa ta ce ya isa haka, mutane na kallo. Biba kuwa ta gaishe shi da sannu da dawowa, ba ta ƙara komai ba, sai dai ya lura ba ta murmushi.

A gayyar farko bayan dawowarsa ya gane dalili. An kira shi wata gona can bayan gari, ya ɗora kiɗi, ba ma taken Gajere ba, na wani yaro ne sabon tashi. Bai daɗe ba aka zo a guje aka kira shi. Ya tarar da Gajere a tsakar gidansa, ya raruma taɓarya yana saran ƙasa da ita, fatar tafinsa ta sale, jini na bin itacen. Rana ta riga ta taɓa masa kai. Duk gangar da ya ji, ta biki ce, ta suna ce, takensa yake ji. Ɗangana ya tsaya a kansa ya buga sauke-hauya har hannunsa ya gaji. Wannan kiɗin kaɗai ne ba ya shiga kunnensa. Sai da gangar ta yi shiru, aka danne shi, sannan ya lafa, ya kwana biyu bai san inda yake ba.

Ɗangana ya koma gida ya kwance fatar gangarsa, ya ba Tabawa kwangon ta riƙa zuba wake. Lokacin ko furfurar kirki bai yi ba, hannunsa kuma yana kan ganiyarsa. Manoma suka yi ta zarya, wasu har daga Galma, suna cewa ai sai ya je nesa ya yi inda Gajere ba zai ji ba. Ya ce iska ba ta da amana. Tabawa ta yi mitar damman geron da ake ba makaɗi, ta yi ta gaji ta bari. Ya ɗauki hauya yana bin 'ya'yan Gajere gona, noman da ko yara na yi masa dariya, suna cewa Baba Ɗangana sara yake ko lallashin ciyawa. Ƙauyen ma ya koyi yin bukukuwansa da tafi da guɗa. Shi kuwa tsoronsa ya sami sabon wurin zama. Ya rage zabura don jar hula, amma in baƙin maroƙa suka ɓullo ta bakin gari, shi ke fara rugawa ya tare su.

Bayan yaƙi ya ƙare da 'yan watanni, labari ya iso cewa an kashe aikin dole, ba sauran kama mutum a kai shi hanya ba biya. Da farko ba a yarda ba, sai da maigari ya dawo daga Madawa ya tabbatar. Gari ya ruɗe. Aka ce wannan kam ba a yin ta da tafi, sai an kira makaɗa daga Babankatami an wuni ana rawa. Dattawa suka zo har gida suka ce wa Ɗangana in akwai wanda ya cancanci ya ɗora kiɗin ranar, shi ne, ga ganga za a ara masa, yau ɗaya dai. Ya dubi hannuwansa. Wallahi yana so, har yatsunsa na ƙaiƙayi. Ya ce su yi masa haƙuri.

Da sassafe, kafin makaɗan su iso, ya je gidan Gajere. Biba ta riga ta cika gora da fura ta rataya masa. Ya kama hannun Gajere ya ce su je su dubo wata sabuwar gona. Suka hau tudu, suka gangara kwari, suka sake hawa, Ɗangana na tsayawa yana kasa kunne, yana cewa a ƙara gaba kaɗan. Sai da ƙafafunsa suka gaza sannan suka zauna a gindin wani gawo.

Da rana ta yi tsaka iska ta juyo daga wajen gari. Can ƙasa-ƙasa, kamar bugun zuciya, Ɗangana ya ji ta. Gangar noma ce, kuma mai bugun ya iya. Yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa, ya yi maza ya zauna a kansu. Ya ɗaga murya ya shiga surutu, zancen iri, zancen ruwan bana, zancen akuyar Tabawa da ta ci wa liman rawani, duk abin da ya zo bakinsa, idonsa na kan kunnen Gajere, gumi na karyo masa. Gajere ya karkata kai. Ya aje gorar a hankali, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya.

“Ɗangana, an ɗora?”

“A'a, Barde. Iska na. Ba a ɗora ba tukuna.”

Gajere ya dube shi ya daɗe. Sannan ya janye hannunsa daga ƙasa, ya ɗauki gorar ya kai baki. Ɗangana ya ci gaba da labarin akuya, bai yarda ya yi shiru ba har iska ta kwanta.